Jadawalin 'Yar Raino

Daren Talata 17 ga Maris 2020 Shugaba Mahamadu Isufu ya yi wa ƙasa jawabi a kan cutar korona, ya ce daga ranar Juma'a 20 ga wata a rufe makarantu duka, tun daga jardan har jami'a, na mako biyu. Mako biyun nan shi ne ya miƙe har 1 ga Yuni. Lokacin ina ajin katiriyam a kolej, mahaifina kuwa mushe ne a firamare. Haka muka wayi gari ni da shi ba mu da inda za mu da safe.

Takieta garin mararraba ne, kimanin kilomita 50 yamma da Damagaram, a kan kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa. A nan hanya take ɓallewa kudu zuwa Kance da Matamaye, ta shiga Najeriya ta nufi Daura da Kano. Gidaje da yawa a bakin titin nan suke samun na cefane: mai tsire, mai shayi, mai faci, 'yan talla. To, Najeriya ta rufe iyakarta tun Agusta 2019, sai ga korona ta zo ta ƙara. Titi ya yi sanyi. Inna mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce, da ciniki ya ja baya sai ta haɗa da suyar awara, aikinta ya ninka, ribar kuwa tana nan inda take.

Autanmu yana da shekara biyu da 'yan watanni, bai daɗe da yaye ba, rigima kamar me. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta kama sunana. Ranar farko da na zauna gida ta kwance shi daga bayanta ta ce, "Ke, ga shi nan." Shi ke nan, an gama shawara. Ƙanena mai bi mini aka ce ya riƙa yo wa awaki abinci yana ɗebo ruwa, in ya gama gari nasa ne har magariba.

Raino a wurinmu shi ne yaro ya kai yamma bai ƙone ba, bai faɗa rijiya ba, bai yi kukan da zai dami manya ba. A goya shi, a wanke shi, a ba shi fura. Haka aka raine ni, haka na ga ana yi a kowane gida, haka kuma na fara. Baba yana kan tabarmarsa gindin dogon yaro da rediyonsa, yana kallonmu bai ce komai ba. Abin da ya gani, kamar yadda ya gaya mini daga baya, shi ne yaro ya wuni a baya yana kallon ƙeyata, tun safe har azahar ba a gaya masa komai ba in ban da "bari", "sauka", "yi shiru".

Wata safiya ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata.

"Uwata, ɗauko mini sabon kaye da bik."

Na kawo. Ya ja layi ya raba shafi gida-gida, irin yadda yake shirya darasinsa kowane dare shekara da shekaru. Na ce, "Baba, wa za ku koya wa karatu? Wannan da ko 'ruwa' bai iya faɗa daidai ba?"

Ya ce, "Shi ba ya karatu. Ke za ki karanta. Takardar taki ce."

Ba a sa ƙarfe kaza a cikin jadawalin ba. Gidanmu ba da agogo yake tafiya ba, da rana yake tafiya da kiran salla. Hantsi, walaha, tsakar rana, la'asar, bayan lisha. A gaban kowanne Baba ya rubuta abin da zan yi da Auta, ya bar fili a gefe.

Da hantsi zagayen gida muke yi, a ƙasa, da ƙafarsa. Mu je turken awaki ya miƙa musu 'ya'yan gawo, mu watsa wa kaji tsaba, mu leƙa randa, mu tsaya nesa da murhu mu gaida Inna. Dokar ita ce kada in ja shi inda nake so. In bi yatsansa. Abin da ya nuna in faɗi sunansa, in ƙara kalma ɗaya kacal. Ya nuna akuya, in ce, "Akuya. Akuya ja." Ya nuna wuta, in ce, "Wuta. Wuta zafi." Sannan in kama bakina.

Shirun nan ya fi komai ba ni wuya. Baba ya ce in na yi magana in ƙirga biyar a zuci kafin in ƙara wata. Mun saba mu yi wa yaro tambaya mu amsa da kanmu, ko mu ce "ce kaza, ce kaza" har ya gaji ya juya baya. Biyar ɗin nan tsawo gare ta in kana tsugune cikin kashin awaki, ƙawayenka suna kiranka ta kan katanga. Amma a cikinta ne yaron yake haɗa abin da zai faɗa. Sai ka ga leɓensa yana motsi, ya dubi akuyar, ya dube ka, can ya ce "kuya". In ka riga shi, ka ƙwace masa. Kuma in ya kau da kai, an tashi daga darasi ke nan, ko da ba a yi minti biyu ba. Babu tilas, babu duka. Wannan Baba ya rubuta shi da manyan baƙaƙe a saman shafin, ina jin saboda ya san hannuna da sauri.

Walaha ta wasan hannu ce, a inuwar rumfa. Rairayi ba abin nema ba ne a Takieta, amma Baba bai yarda da na tsakar gida ba saboda kaji. Ya sa ƙanena ya ɗebo mai tsabta daga bayan gari aka zuba a tsohon daro. Kayan makarantar Auta su ne 'yar ƙwarya, ludayin duma, murfin kwano, da gwangwanayen tumatir waɗanda Baba ya bubbuge bakinsu da dutse don kada su yanke shi. Ya cika, ya juye, ya cika, ya juye. Ni kuma ina gefe ina cewa "ta cika", "babu", "ƙara", "ciki", "waje". Abin ƙirga kuwa ƙwallon goriba ne da ƙwallon mangwaro, da yake lokacinsa ne. An hana aduwa, an hana kurna da wake da gyaɗa da 'yar dala. Duk abin da zai shige baki ko hanci ba ya zuwa kusa da daron, don babu mushen da bai taɓa ganin an ruga da yaro likita da ƙwayar wake a hanci ba. Ruwa ma yana cikin wasan, sai dai bazara ce, ba a wasa da ruwa a ƙasar Damagaram. Moɗa ɗaya ake ba shi, ya yi ta juyawa tsakanin gwangwani da ƙwarya a cikin tasa, abin da ya rage mu kai gindin zogale.

Wasu abubuwan ba Baba ya rubuta su ba, aikin gida ne ya kawo su. In an sayo albasa sai in zube masa, manya nan, ƙanana can. Takalman gida in hargitsa su a bakin ƙofa ya haɗa kowane da ɗan'uwansa, ya kai wa mai shi. Wannan ya fi so, don yana ƙarewa da "Allah ya yi albarka" daga baki huɗu.

Tsakar rana a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, ba mai iya komai. Auta ya yi barci. A wannan gidan na jadawalin Baba ya rubuta "naki". Lokacin ne yake zama da ni a kan lissafi da Faransanci. Ban raina wannan ba, kuma har yau ban raina ba. Ya san rainon yana cin karatuna, sai ya biya ni da abin da yake da shi.

La'asar kuwa tasa ce. Ya ɗora Auta a wuya su tafi bakin kwalta, ni ina biye da takalmin yaron a hannu. Ko da motoci sun ragu, mararraba ba ta rasa abin kallo: tankokin mai da suka taso daga matatar SORAZ, wadda aka buɗe a arewacin Damagaram a 2011, suna yin yamma, amalanken shanu, jakuna da itace, 'yan kabu-kabu, wani lokaci raƙumi. Baba ya tsaya ya nuna, ya faɗa, ya jira, daidai yadda ya ce in yi. Mutanen fada masu shayi suka samu abin yi. "Mushe, an koma raino ne?" "Mushe, saura zanen goyo!" Shi dai ya ɗaga musu hannu. A jiharmu aka fara makarantar mazaje tun 2008 da taimakon UNFPA, inda magidanta ke zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita, kuma an ji daɗinta. Duk da haka namiji ya ɗauki ɗan yaye yana yi masa hira a bainar jama'a, wannan wasu zubar da girma suke ganinsa. Ni abin da na lura da shi, yaran masu tsokanar su ne suka fara biyo mu a baya suna taya Auta ihun "mota babba".

Dare na Kaka ne, ko da yake ta rantse ba za a rubuta ta a kaye ba. Tun ranar farko take yi wa abin dariya. Ta dubi Auta ta ce, "Maigidana, an sa ka lakwal ba ka daina fitsarin kwance ba?" Ta dube ni ta ce, "Kishiya, an ba ki madam ba albashi." Amma ita ma tana da nata tsarin da ya girmi na Baba. Ba ta tatsuniya da rana. Bayan lisha take shimfiɗa tabarma ta ɗauko Gizo da Ƙoƙi, ta gajarta saboda shi, ta yi kukan kura da na zakara ya kwaikwaya. A wurinta ya koyi bisimilla kafin loma, da ci da dama, da durƙusawa in zai gaida babba. Tana kama yatsunsa tana jera masa dangi: wannan Baba, wannan Inna, wannan Yaya. Ta tambaye shi ɗan wa ne, jikan wa ne, wane gari yake. Baba ya ce wannan ya fi duk abin da ke cikin kayen amfani, domin yaron da ya ɓata ranar kasuwa da shi ake mayar da shi gida.

Inda suka saɓa da gaske shi ne kan amsa wa yaro. Kaka tana ganin in aka saba wa ɗa duk abin da ya faɗa a tanka masa, duk abin da ya tambaya a ba shi amsa, to ana kiwon fitsararre ne, wanda zai tsoma baki cikin maganar manya. Ta ce su da kunya da kawaici aka raine su, ba su lalace ba. Baba yana durƙushe gabanta ya ce, "Iya, ladabi daban, bebantaka daban. Kullum ina karɓar 'yan ajin farko, CI, waɗanda sai an yi wata ba a ji muryarsu ba. Ba daƙiƙai ba ne, ba a taɓa tambayarsu komai ba ne." Ta ce, "Kai dai ka ji da bokonka." Ban ga wanda ya kayar da wani ba. Ni dai a ganina maganar Kaka ba ta banza ba ce, gidan da ba a koya wa yaro yin shiru ba ba ya zaunuwa. Sai dai mu mun iya wannan koyarwar har ta yi yawa, ɗayar ce muka bari.

Wani maƙwabcinmu ma'aikaci ya shigo wata rana ya tarar muna ƙirga ƙwallon goriba, ɗaya, biyu, uku. Ya yi mamaki a ce ɗan mushe guda ba da Faransanci ake fara masa ba. Baba ya yi karatun malanta a makarantar Askia Mohamed ta Damagaram, kuma yana alfahari da cewa a garin ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Ya ce wa mutumin yaro ya fara sanin mene ne uku tukuna, ya riƙe ta a hannu, sunanta na Faransanci ba zai gudu ba.

Filin nan da ya bari a gefen shafi na amsar tambaya ɗaya ne, wadda yake yi mini kowane dare: "Me ya ce yau?" Da farko da Faransanci nake rubutawa, don da shi kaɗai na iya riƙe bik. Ya ce a'a, in rubuta abin da yaron ya faɗa yadda ya faɗe shi. Nan na tsaya cak. Shekarata ta tara ke nan a lakwal, ban taɓa rubuta layi ɗaya da harshen da nake mafarki da shi ba. A bayan kayen Baba ya zana mini ƙ da ɗ da ɓ, ya nuna mini inda lanƙwasar take. Rubutun Hausata daga bakin Auta ya fara: "kuya ci", "ba so", "Yaya zo gani". Da aka ce kundin tsarin ƙasa da aka fitar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, shafukan nan na tuna, da yadda 'yar kolej ta kasa rubuta maganar ɗan shekara biyu.

Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, cikin tsananin zafi, ga masallatai an hana jam'i sai tsakiyar Mayu aka sake su. Jadawalin ya tsuke. Da walaha ni kaina ba ni da bakin magana, sai in zauna kusa da daron in bar shi da gwangwanayensa. Akwai ranakun da filin gefe ya kwana fari, ko don zazzaɓi, ko don ya tashi da rigimar da ba mai shawo kanta. Baba bai taɓa yin faɗa a kan wannan ba. Abin da azumin ya ƙara mana shi ne rabon kunu da yamma. Auta ya riƙe murfin kwano ya biyo ni gida-gida, ya koyi sallama, ya koyi sunayen maƙwabta.

A cikin azumin ne kuma wani kawunmu ya sauka gidanmu da babbar waya cike da finafinai. Kwana kaɗan Auta ya manta da akuya. In an karɓe wayar ya faɗi ƙasa yana birgima. Baba bai iya yi wa surukinsa faɗa ba, sai ya yi dabara: ya roƙe shi ya riƙa ɗaukar muryar yaron yana sa masa ya ji. Auta ya ji kansa yana cewa "mota babba", ya leƙa bayan wayar yana neman mai maganar. Finafinan kuwa aka ce sai ya yi barci. Daga baya na ga ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019: ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini, kuma ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki. Minti 180 ba ya samuwa a bayan 'yar raino.

Yanzu da nake koyon aikin malanta na ci karo da wani bincike da aka yi a Kingston ta ƙasar Jamaika daga 1986. An ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasunsu ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Kusa da mu ma an ga irin wannan yarda da mutanen gida. A Mirya, wadda Takieta take ƙarƙashinta kafin a ba ta gundumarta a 2011, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da zaren nan mai kore da rawaya da ja, kuma suka iya. Duka biyun uwa aka nufa, kuma daidai ne. Amma a shiga kowane gida a Garagumsa ko Tirmini da hantsi a duba bayan wa yaron yake. Uwa tana bakin turmi, ko rijiya, ko kaskon suya. Ɗan yaye yana hannun yarinya 'yar shekara takwas ko goma, ita ce bakin da yake ji duk yini, kuma ita ce ba a kira taro, ba a nuna mata komai. An ba ni rainon ne don ni mace ce, wannan bai yi mini daɗi ba a lokacin, yanzu ma bai yi ba. Abin da Baba ya yi dabam shi ne ya ɗauke ni a matsayin mai aikin da ya cancanci a zauna a tsara shi.

Ranar Litinin 1 ga Yuni muka koma lakwal, ni da Baba. Inna ta ɗauko wata 'yar maƙwabta, shekararta tara, ba a sa ta boko ba. Kayen bai yi mata amfani ba. Baba ya samu bayan kwali ya zana mata rana tana fitowa da akuya a gabanta, rana ta ɗaga da daro, rana tsaka da yaro kwance. Na zauna da ita na nuna mata ƙirga biyar a zuci. Ta fi ni haƙuri nesa ba kusa ba, ta kuma ƙara abin da ni ban kawo ba, tafi da waƙoƙin gaɗa, har Auta ya iya juyi. Da Oktoba ta zo Baba ya je wurin mahaifinta ya roƙi a bar shi ya rubuta ta a CI. Aka ce ta yi girma, kuma wa zai riƙe ƙannenta. Ta zauna da mu har aka kai Auta makarantar allo, daga nan ta koma tallan ƙuli-ƙulin Inna a mararraba.

Auta ya shiga CI ranar 28 ga Oktoba 2024, shekarar da ambaliya ta sa aka ɗage komawa makarantu. Ba a yi wata biyu ba madam ɗinsu ta aiko a gaya wa Mushe cewa ɗansa yana ganewa, amma surutu ya yi masa yawa, kuma kome aka faɗa sai ya ce don me. A tsakar gida aka isar da saƙon, Kaka tana jin kowace kalma. Ta ajiye carbinta ta ce, "Mushe, ɗauko kayen naka ka rubuta wannan ma."